Awa ɗaya da rabi bisa ruwa, mako guda a bakin ƙofa: yadda motarmu ta ƙetaro daga Sifaniya zuwa Maroko

Tun da anka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, motocin Kwatano sunka daina shigowa yadda munka saba, kusan duk mako sai wani yaro ya zo shagona nan Maradi ya zamna bisa benci ya ce min "Alhaji, an ce ku kun taɓa kawo mota daga Turai da ƙafarta, yaya ake yi?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma na lura duk wanda na ba rabi sai ya tahi da daɗin ya bar ɗacin, shi ya sa na ce bari in zamna in rubuta shi yadda ya faru. Ba tahiyar duka zan kawo ba, wannan sai littahi. Wuri guda zan tsaya, ƙetaren teku daga Aljesiras ta Sifaniya zuwa Tanja Med ta Maroko, don nan ne munka sha wuyar da ba mu sa cikin lissahi ba.

Ƙanena ne ya tuƙo motar, autan Innarmu, shina zamne Burusel ta Beljik ya daɗe. Ni kuwa kayan gyaran mota nike saidawa. Abin ya faru kafin korona, shekarar da Layya ta faɗo wajen ƙarshen watan takwas. Munka haɗa kuɗɗi ni da shi munka sayi hiyas ta hannu a unguwar Heyvaert, wadda duk mai harkar mota a Afirka ta Yamma ya san ta ko bai taɓa taka ta ba. Yadda kowa ke yi shi ne a kai mota tashar Anbers a loda ta jirgi, ka je Kwatano ka tarbe ta. Mu sai munka yi wani lissahi: in Auta ya tuƙo ta da kanshi ya huta da kuɗɗin jirgin sama, ya zo gida Salla, kuma duk kayan da anka cusa ciki sun zo kyauta. Bisa takarda lissahin ya yi kyau ƙwarai. Ni ne na matsa a ƙara kaya, wannan ba ni ɓoye shi. Na ce ya sa min alternata da demara na hannu da dama, da tayu, ga firijin Inna, ga kekuna biyu na ɗiyana, da cikin mota ya cika anka ɗaura ƙarfen kaya a bisa anka tula sauran anka lulluɓe da tampol.

Daga Burusel zuwa Aljesiras ya wuce kilomita 2,000, ta Paris, Bordo, a shiga Sifaniya ta Irun a gangaro kudu. Wannan duk lahiya ƙalau, gudro ne mai kyau, kuɗɗin hanya da gazuwal kawai. Ranar Alhamis da marece ya iso.

Ga wanda bai san wurin ba, mashigin Jibraltar ne ya raba Turai da Afirka, kuma inda ya fi tsukewa kilomita 14 ne kacal, bai kai Maradi zuwa Madarunfa ba. Daga Aljesiras zuwa Tanja Med an ɗan yi karkace, ya fi haka, amma jirgi na cinye shi cikin awa ɗaya da rabi. Tanja Med ɗin ma ba cikin garin Tanja take ba, tasha ce sabuwa da anka buɗe a 2007 wajen kilomita 40 gabas da gari. Akwai wasu hanyoyi, ta Tarifa da jirgi mai gudu wanda ke shiga cikin garin Tanja cikin awa guda, ko ta Sebta, wadda ƙasar Afirka take amma hannun Sifaniya, ka sauka can sa'annan ka ƙetare iyaka ta ƙasa. Manyan motoci masu kaya dai Tanja Med sunka fi bi.

Abu na farko da ba mu sani ba shi ne lokacin. Duk shekara daga watan shidda zuwa tsakiyar watan tara, 'yan Maroko mazamna Faransa, Beljik, Holand, Italiya da Jamus na komawa gida hutu da iyalinsu cikin motocinsu, miliyoyin mutane ne da motoci dubu ɗaruruwa, har gwamnatin Maroko na da shiri na musamman don tarbarsu da ake ce ma Marhaba, Sifaniya ma na da nata. Ƙarshen watan bakwai da farkon na takwas shi ne tsakiyar cunkoson, kuma daidai nan Auta ya faɗa. Ya ce min Yaya ka san hilin Idi ranar Salla, to ninka shi, amma motoci ne maimakon mutane, kowace da tulin kaya a kai.

Tiketin jirgi bai saye shi a tasha ba. Tun kana kan hanya kafin ka iso gari akwai shaguna jere da ke saida tiketi, ya tsaya guda, mai shagon ya tambaye shi mutum nawa, mota wace iri, ya ce hiyas, mutumin ya buga mishi tiketi na safiyar Juma'a, ko leƙowa waje bai yi ba ya ga motar. Nan ne ta fara ɓaci. Tiketin mota a jirgin ga ba kamar kuɗɗin kwale-kwale ba ne da ake cewa mota kaza ce kawai, tsawonta da tsayinta ake saidawa. Cikin jirgin bene-bene ne, akwai wurin ƙananan motoci mai gajeren rufi, akwai babban ɗaki inda tirela da kamiyo da bas ke shiga, kuma duk motar da ta yi tsayi dole can za ta, wurin kuwa a ƙidaye yake. Hiyas ɗinmu da kanta ba guntuwa ba ce, ga ƙarfe ga tayu ga kekuna a kai.

Da safe ya bi layi awa uku, ana matsawa taku-taku, da ya iso bakin ƙofa wani ma'aikaci mai rigar haske ya dubi takarda ya dubi saman mota, ya ɗauko sandar awo ya jingina, ya kaɗa kai, ya nuna mishi ya fita layi. Ba gardama, ba a sa hannu aljihu, abin da Auta ya fi jaddada min ke nan, ya ce Yaya nan ba shingen Konni ba ne da za a ce a yi haƙuri. Ya koma biro, anka ce sai ya cika kuɗɗi ya koma sahun manyan motoci, kuma babu wuri sai gobe Asabar da la'asar.

Ya kira ni ina shago. Na ce to ka sauke kayan bisa ka cusa ciki mana, ya ce Yaya cikin ko allura ba ta shiga. Na ce a zubar da tayun, ya ce ko an zubar firiji ba ya lanƙwasuwa. Sai munka biya.

Daren nan bisa kwalta ya kwana, cikin hilin da ake tara motoci. Ya turo min hoto, har yanzu shina cikin salulata: mata sun shimfiɗa barguna tsakanin mota da mota, yara na barci bisa kwali, wani tsoho da jallabiya ya kunna ɗan risho shina dafa shayi da na'ana'a. Tsohon ga ya ga Auta shi kaɗai zamne bakin taya, ya miƙo mishi kofi, sunka gaisa da Faransanci, ya tambaye shi ina za shi, ya ce Nijar, tsohon ya daɗe shina kallon motar sa'annan ya ce Allah ya kai ka. Shekara talatin da wani abu ya yi shina ƙetare ruwan nan, in ji shi. Ku riƙe tsohon ga, zai sake fitowa.

A gida kuwa wata damuwa ce daban. Inna ba ta damu da tiketi ba, teku ta dame ta. Ita ruwan da ta sani Gulbin Maradi ne, wanda ke cika da damina ya ci mutane ya ƙafe da rani a shuka taba da tumatur cikinshi, sai tabkin Madarunfa. A ce mota da ɗanta za su hau bisa ruwan da ba a ganin gacinshi, wannan bai zamna mata ba. Ranar Asabar na rufe shago da wuri na tahi wurinta, hadari ya haɗo gabas, tana bisa tabarma da tasbaha, na sa salula a lasifika. Ta ce "Auta, ruwan nan ana ganin ƙarshenshi?" Ya ce "Inna wallahi daga inda nike tsaye ina hangen duwatsun Afirka." Ba ƙarya ya yi mata ba, in gari ya washe ana hangen su sarai. Ta ce to, ta yi mishi addu'ar hawa abin hawa, ta sa shi ya maimaita Bismillahi majreha wa mursaha sau uku.

Wani ɗan abu da ya ruɗa mu: da bazarar Turai agogon Sifaniya na gaba da namu da awa guda, na Maroko kuwa a lokacin daidai yake da na Nijar. Ya ce muna ƙarfe biyar za su tashi, mu nan huɗu ce, Inna ta yi ta lissahin bai kira ba alhali ko jirgin bai gama lodi ba.

Shigar kanta ya ce abin kallo ne. Bayan jirgin ke buɗewa kamar bakin kada, a sauke wani faffaɗan ƙarfe, motoci su hau. Ciki zahi, hayaƙi, ƙarar injin, ma'aikata na busa usur suna nuna maka da hannu matso, matso, har sai gaban motarka ya kusa sumbatar bayan ta gaba. Ya naɗe madubai, ya ja birkin hannu, ya bar ta cikin giya, manyan motoci kuma anka ɗaure su da sarƙa anka sa musu waigi. Tirela a dama tirela a hagu, da ƙyar ya buɗe ƙofa ya zare jikinshi. Ba a bari mutum ya zamna cikin mota in jirgi ya tashi, ana kulle wurin, don haka abin da duk kake so, fasfo, magani, ruwa, caja, ka ɗauka tun kafin ka hau sama. Kuma ka riƙe lambar benen da ƙofar da ka bi, don in an iso kowa rige-rige yake, wanda ya ɓace ya tsaida layi duka.

Sama akwai kujeru, da wurin saida kofi, da ɗan ɗakin salla. Ya ce da sunka fita bakin tasha dutsen Jibraltar na hannun hagu, tsaye kamar an dasa shi. Sunan ma namu ne in ka bi salsala, Jabal Ɗariƙ, don Ɗariƙu ɗan Ziyad da ya ƙetara da rundunar Musulmi a shekara ta 711, Aljesiras kuma daga Aljazira ne. Ya yi la'asar, alƙibla na gabas, jirgi na kudu, ya ce sai ka ji ƙasa na ɗagawa tana sauka ƙarƙashin goshinka. Da ya sallame ya samu kujera, kwana biyu bai yi barcin kirki ba, kai ya yi nauyi, ga ɗan jiri, sai barci.

Tsohon nan ne ya tashe shi. Ya dafa kafaɗarshi ya ce ka buga hatimi? Auta ya ce wane hatimi. Ashe a hanyar ga 'yan sandan Maroko cikin jirgi suke, tun bisa ruwa ake cika 'yar farar takarda a bi layi a buga ma fasfo hatimin shiga, in karonka na farko ne su rubuta maka wata lamba ciki. Wanda ya yi barci ya sauka babu hatimi sai a maida shi baya ya jira, motarshi na tare hanya. Ya ruga ya bi layi, shi ne na kusa da ƙarshe. Wannan guda Allah ya tsallakar da mu ta hannun bawan Allah da ko sunanshi ba mu sani ba, kuma har yau ina sa shi addu'a.

Ya kira da sunka sauka, Inna ta yi hamdala ta tashi ta ɗora tuwo, ni ma na tahi gida da cewa an gama. Ruwa ya goce a Maradi daren nan. Wajen ƙarfe goma salula ta yi ƙara.

"Yaya, duwan sun riƙe mota."

Matsala biyu ce. Ta farko takardu. Motar da ta shiga Maroko da lambar waje shigar baƙunta take yi, ana ba ta izini na wata shidda, a ɗaura ta bisa lambar nan da anka rubuta cikin fasfonka, ba ka fita ƙasar ka bar ta. To kartigiris ɗin hiyas, wato takardar mallakar mota, ba sunan Auta ke kai ba, sunan abokinshi ne da suke gida guda, don shi ne ke da sauƙin yin asiransi a lokacin. Abokin ya rubuta mishi 'yar takarda da hannu cewa na ba wane motata. Cikin Turai babu wanda ya tambaya, daga Beljik har bakin teku babu shinge. Nan kuwa anka ce takardar hannu ba ta isa ba, sai wakilci wanda hukuma ta buga ma hatimi ta shaida sa hannun mai motar. Ni dai ban ga laihinsu ba ko kaɗan, in ba haka ba duk ɓarawon mota sai ya rubuta ma kanshi wasiƙa ya wuce. Abin da ya yi muna ciwo shi ne ranar Asabar ce da dare, ofishin magajin gari a Burusel sai Litinin. Da tiketin farko ya yi aiki da safiyar Juma'a ya iso, da abokin ya samu biro a buɗe a ranar. Kun ga yadda tulin kayan bisa ya jawo asarar kwana uku a wani wuri daban.

Ta biyu kayana ne. Anka sa ya sauke komi ƙasa, shi kaɗai, tun daga tampol har ƙarƙashin kujeru. Firiji guda, kekuna biyu, tufafi, babu wanda ya ce uffan. Da anka zo ga alternata da demara, anka jera su bisa kwalta iri guda iri guda, ma'aikacin ya dube shi ya ce wannan na gida ne? Auta bai yi ƙarya ba, ya ce na shagon yayana ne. Dokarsu kuwa motar da ta shigo baƙunta ba ta ɗaukar kayan kasuwa, kayan kasuwa hanyarsu daban, takardunsu daban, da taransita da komi. Munka yi ta lissahi ni da shi ta salula har tsakar dare, abin da za a kashe a fidda su ya kusa kuɗɗin kayan, ga ƙarin kwanaki. Na ce a bar su. Ban ji daɗin faɗin haka ba, don ribar da na hango tun farko ke nan, amma ni na cusa su, kuma yaron ne ke kwana waje saboda su.

Mota ta zamna hilin duwan, shi ya kama ɗaki a Ƙasar Sagir, wani ɗan gari bakin teku kusa da tashar. Litinin abokin ya bar aiki ya je anka buga hatimi, ya aiko ta kamfanin saƙon gaggawa, Laraba ta iso, Alhamis da hantsi anka ba shi 'yar takardar shigar mota. Sai kuma asiransi, don ta Beljik ɗin da anka duba koren katinta, wanda ke nuna ƙasashen da take aiki, Maroko a soke take, dole ya sayi ta bakin iyaka nan cikin tashar. Alhamis ya iso Aljesiras, Alhamis ya bar Tanja Med. Ruwan da Inna ta kwana tana tsoro awa ɗaya da rabi ya ci cikin wannan mako.

Da na tara abin da ya tahi, cikon tiketi, ɗaki, abinci, saƙo, kuɗɗin ajiyar mota, asiransi, ya haura jika ɗari uku, ban sa kayan da anka bari ba. Yuro guda kusan sefa 656 ne, duk abin da ya ce min "ba yawa Yaya, yuro hamsin ne" ni nan jika talatin da 'yan kai nike ji. In na raba laihi, mai shagon tiketi na da nashi don aikinshi ne ya tambayi tsayi, amma ƙarami ne. Babban namu ne, mun yi wata biyu muna shawarar Sahara da shingayen Mali da inda za a samu gazuwal, ko sau ɗaya ba mu zamna munka tambayi wanda ya taɓa bin tashar nan ba, alhali Burusel cike take da 'yan Maroko da ke bin ta duk shekara, maƙwabcin Auta ma ɗaya ne daga cikinsu. Mun raina ta don gajera ce.

Yaran da ke zuwa shagona ina ce musu ƙetaren kanshi babu abin tsoro, a auna mota bayan an gama lodi ba kafin ba, takarda ta zama da sunan mai tuƙi, a kauce ma ƙarshen watan bakwai. Amma ina ƙara musu da cewa abin da ke bayan Maroko ba shi ne na lokacinmu ba. Auta ya bi Dakla, Gargarat, Nuwadibu, Nuwakshot, ya shiga Mali ya fito Burkina ya shigo ta Torodi, kuma a yadda hanyar Mali da Burkina take yanzu, ko kyauta anka ba ni mota ba ni sa ɗan'uwana ya biyo ta.

Salla ta same shi Wagadugu, ya yi Idi cikin baƙi da rigar da ya kwana da ita. Rana ta uku bayan Salla da magariba ya shigo Maradi, motar ta yi ja da ƙura, gilashin gaba ya tsage. Inna ta fito ƙofar gida da fitila, ba ta ko bari ya gama gaisuwa ba, ta zagaya hiyas ɗin tana haskawa, ta duƙa ta dubi tayu, ta ce "Nuna min inda ruwan ya kawo mata." Ya ce "Inna ko taya bai taɓa ba." Ta yi shiru tana kallon shi, sa'annan ta kama hannunshi ta ja shi ciki, ta ce a ɗauko kwanon soyayyen naman da ta hana kowa taɓawa.